Me Ya Jawo Masa? Darasi a kan abubuwan da ke share wa ciwon sikizofireniya hanya

Kusan duk iyalin da suka kawo mana mai taɓin hankali, da an gama gaisawa, tambayarsu ta farko ɗaya ce: "Likita, me ya jawo masa?" Sau da yawa kuma sun zo da amsa a ransu. Wani ya ce sammu ne. Wani ya ce gamo ya yi da tsakar rana. Wata ta ce karatu ne ya yi masa yawa. Dangin uba su ce daga ɗakin uwa abin ya fito, dangin uwa su mayar musu da magana. Mun ga auren da ya mutu saboda wannan zargi, mun ga maƙwabtan da suka daina gaisawa. Saboda haka tambayar ba ƙarama ba ce, kuma ta cancanci a ba ta amsa ta gaskiya.

Wane ciwo ne wannan?

Taɓin hankali iri-iri ne. Wanda muke magana a kansa a wannan darasi, likitoci suna kiransa sikizofireniya. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya raɗa masa wannan suna a 1908. Mai wannan ciwo yakan ji muryoyi suna yi masa magana alhali babu kowa kusa. Yakan ƙudurta wani abu a rai wanda ba haka yake ba, kamar a ce ana sa masa guba a tuwo, ko rediyo da shi yake, kuma duk bayanin da za a yi masa ba zai sake ba. Maganarsa takan watse, farkonta bai haɗu da ƙarshenta ba. Akwai kuma alamun da ba su da hayaniya, waɗanda iyaye kan ɗauka lalaci ne: ya daina wanka, ya daina zuwa gona, ya ƙaurace wa abokai, ya wuni a ɗaki yana kallon bango.

Yawanci ciwon yana bayyana tsakanin ƙarshen samartaka da shekara 30, kuma yakan riga bayyana ga maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum miliyan 24 ne ke ɗauke da shi. Babu ƙasa, babu ƙabila, babu addinin da ya tsallake. Idan aka bi mutum 100 tun daga haihuwa har tsufa, kusan ɗaya ne daga cikinsu zai kamu. Ku riƙe wannan lissafi, domin za mu yi ta komawa gare shi.

Gado yana ciki, amma ba shi kaɗai ba ne

Gaskiya ne ciwon yana bin jini. Idan uwa ko uba yana da shi, kamar ɗa ɗaya cikin 10 ne zai iya kamuwa. Wato tara ba za su kamu ba. Yawancin masu wannan ciwo ma, idan aka duba iyayensu da waɗanda suke ciki ɗaya da su, ba a samun kowa mai irinsa.

Tagwaye ne suka fi koya mana darasi a nan. Akwai tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, kamarsu ɗaya, abin da suka gada daga iyaye ɗaya ne sak. Da gado kaɗai ke kawo ciwon, da duk sa'ad da Hassan ya kamu, Husaini ma sai ya kamu. Amma ba haka abin yake ba. A cikin irin waɗannan tagwaye, kusan rabi ne kawai ɗan'uwan yake kamuwa. To, me ya raba su? Abin da ya sami ɗaya bai sami ɗayan ba, tun daga ciki har girma.

Ku tuna da tukwane biyu da mai gini ta gina da yumɓu ɗaya. Ɗaya ta sami ƴar tsaga a wurin gashi, ido ba ya ganinta. Ana iya shekaru ana zuba ruwa a ciki ba ta yoyo. Sai ranar da aka buge ta, aka sake bugewa, sa'an nan tsagar ta buɗe. Haka ƙwaƙwalwa take. Gininta yana farawa a makonnin farko na ciki, ba ya kammala sai mutum ya kai wajen shekara 25. Abin da ya taɓa ta a tsawon wannan lokaci yana iya barin tsaga.

Kafin mu ci gaba, a fahimci wata kalma. Za ku ji muna cewa abu kaza yana ninka kasadar kamuwa sau biyu. Ma'anarsa, maimakon mutum ɗaya cikin 100, sai a sami biyu. Sauran 98 lafiya lau. Kada wata uwa ta karanta wannan darasi ta shiga tsoro don ta sha wahala a haihuwar ɗanta.

Yunwar mai ciki

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga ƙarshen 1944 zuwa watan Mayu na 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyoyin abinci zuwa yammacin ƙasar Holan. Ga shi lokacin sanyi ne mai tsanani. A manyan birane kamar Amstadam da Rotadam, abincin da ake raba wa kowane mutum ya ragu har bai kai rabin abin da jiki ke bukata ba. Mutane suka koma cin saiwar furanni. Kimanin mutum 20,000 suka mutu. Mutanen ƙasar masu ajiye takardu ne, an rubuta ranar haihuwar kowa da garin da aka haife shi. Bayan shekaru fiye da 40, masu bincike suka bi sawun jariran wancan lokaci. Abin da suka gano shi ne, waɗanda aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar sun kamu da sikizofireniya ninki biyu na sauran. Waɗanda cikinsu ya riga ya tsufa kafin yunwar ta yi tsanani, ba a ga wannan ƙari a cikinsu ba.

Wani zai ce ƙasa ɗaya ce, wataƙila dacewa aka yi. Amma an sake ganin haka a ƙasar Sin, inda aka yi babbar yunwa daga 1959 zuwa 1961. Binciken da aka buga a 2005 a kan mutanen yankin Wuhu, a lardin Anhui, ya sami ninki biyun nan dai. Mutane daban, abinci daban, nahiya daban, sakamako ɗaya.

Akwai wani abu da aka lura da shi a Holan. Jariran da aka ɗauki cikinsu a wancan lokaci sun fi sauran zuwa da naƙasar ƙashin baya da ta kai, irin wadda rashin sinadarin folik ke kawowa. Wannan ya sa masana suke zargin rashinsa a cikin al'amarin. A ƙasar Denmak kuma an ga ƴaƴan matan da suka yi ƙarancin jini a lokacin ciki sun fi sauran kamuwa.

Mu nan ba sai an ba mu labarin yunwa ba. Dattawanmu suna tuna ta 1973 da ta 1984, matasa ma sun ga ta 2005. Ko a shekarar albarka, akwai watannin da rumbu ke yin ƙasa kafin sabon hatsi ya nuna, kuma a gidaje da yawa mace ce ke ci daga ƙarshe. Abin lura shi ne makonnin farko na ciki sun fi kowane lokaci nauyi, kuma su ne lokacin da mace ke ɓoye cikin don kunya, ko ita kanta ba ta sani ba tukuna. Don haka mai gida, kada ka jira sai ciki ya fito fili. Wake, gyaɗa, zogale, yakuwa, rama, ƙwai, hanta idan an samu, a sa mata a kwanonta. Ta fara awo da wuri, ta sha ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa, domin akwai folik a cikinta. Ta kwana cikin sange, ta karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a wurin awo, gama zazzaɓin nan yana shanye jinin uwa, yana sa a haifi jariri ƙarami.

Cuta a lokacin ciki

A 1957 an yi annobar mura mai tsanani a duniya. A birnin Helsinki na ƙasar Finlan, an ga waɗanda suke wata huɗu zuwa shida a ciki a lokacin annobar sun fi sauran kamuwa da suka girma. Binciken da ya biyo baya a wasu ƙasashe, wani ya yarda da wannan, wani bai yarda ba. Shaida ta fi ƙarfi a kan rubela, wata cuta mai ƙuraje mai kama da ƙyanda. A birnin Niyok na Amurka an bi ƴaƴan matan da suka yi ta da ciki a annobar 1964, sai aka sami kusan ɗaya cikin biyar da wannan ciwo ko dangoginsa. Akwai kuma wata ƙwayar cuta, tokzoplasma, da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai gasu ba. Ba mu ce a kori kyanwa daga gida ba, tana da aikinta a wajen ɓeraye. Mai ciki dai ta wanke hannu, ta wanke ganye, kada ta ci tsire mai jini-jini, zazzaɓi kuma kada ta zauna da shi a gida.

Wahalar haihuwa

Ƙwaƙwalwar jariri ba ta jure rashin iska. Doguwar naƙuda, zubar jini da ciki, hawan jini mai kai ga jijjiga, jaririn da ya fito bai yi kuka ba sai da aka daɗe, bakwaini da wanda aka haifa ƙarami ainun: a 2002 an tattara bincike masu yawa a kan waɗannan, aka ga kowannensu yana ƙara kasadar, yawanci wajen ninki biyu. A cikin dukan abubuwan da ke wannan darasi, a ganinmu wannan ya fi shafar ƙauyukanmu, saboda yawan matan da ke kwana biyu a kan gwiwa kafin a nemi amalanke ko mota. Ƙa'idar da muke ba ungozomai ba ta sake ba: kada rana ta fito ta faɗi a kan mace tana naƙuda a gida. Yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba kuwa, ita ta fi kowa shiga wannan wahala.

Akwai wasu abubuwa biyu da za ku iya ji a wani wuri. A ƙasashen Turai masu dusar ƙanƙara, waɗanda aka haifa a ƙarshen sanyi sun ɗan fi sauran kamuwa, ƙarin kaɗan ne ƙwarai. An kuma ga ƴaƴan da aka haifa wa uba mai shekara 50 ko fiye sun fi na uba matashi kamuwa. A wani bincike na birnin Ƙudus a 2001 bambancin ya kusa ninki uku.

Abin da yaro ya gani

A da, wasu likitocin Turai da Amurka sun ɗora laifin wannan ciwo a kan uwa, suka ce rashin iya renonta ne. An bincika, an ga maganar ba ta da tushe, an watsar da ita. Faɗan yau da kullum da horon da kowane gida ke yi ba su ne ba.

Cin zali dabam ne. Dukan da ya wuce horo, lalata da ƙaramin yaro ko yarinya, barin yaro da yunwa ba mai kula, tsangwamar da ba ta ƙarewa daga manyan yara, mutuwar uwa ko uba tun yaro na ƙarami. A 2012 an haɗa sakamakon bincike fiye da 30, aka ga wanda ya sha irin wannan a ƙuruciya, kasadar taɓin hankali a gare shi ta kusa ninki uku. Jikin yaron da ke cikin tsoro kullum yakan saba da zaman ɗar-ɗar, ko bayan abin tsoron ya wuce. Mu dubi marayan da ke hannunmu, da ɗan riƙo, da yaron da aka tura wani gari tun bai iya wanke kansa ba, da yaran da aka gudo da su daga wuraren tashin hankali. Babba ɗaya mai jan yaro a jiki yana rage masa nauyi mai yawa.

Buguwar kai ma tana cikin lissafi, haka kuma masu farfaɗiya sun fi sauran mutane samun wannan ciwo. Ƴan kabu-kabu, hular kwano ba ado ba ce.

Baƙunci

Tun 1932 wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Odegaard ya lura cewa mutanen ƙasarsa da suka yi ƙaura zuwa jihar Minesota a Amurka suna kamuwa ninki biyu na waɗanda suka zauna gida. Daga baya aka ga abin da ya fi haka a Ingila. A wani babban bincike da aka buga a 2006, baƙaƙen fata ƴan asalin tsibiran Karibiyan sun kamu ninki tara na Turawan ƙasar, ƴan asalin Afirka kuma kusan ninki shida. Wasu suka yi saurin cewa a jininsu yake. Amma tun kafin nan an je Jamaika da Tirinidad da Babados, inda danginsu suke, an ƙirga. Can ba a sami wannan yawa ba. Ashe ba jinin ba ne, zaman ne: kaɗaici, wariya, rashin aiki, da zaman wanda kullum ake nuna masa shi bare ne. A kudancin Landan ma an ga baƙon da ke zaune a unguwar da babu irinsa ya fi kamuwa a kan wanda ke zaune cikin ƴan'uwansa.

Muna faɗin wannan ne saboda samarinmu masu tafiya biɗa, Libiya, Aljeriya, Abijan, Legas, da wuraren haƙar zinariya. Shekarun da suke tafiya su ne daidai shekarun da ciwon ke bayyana. Can ga rashin barci, ga tsoron kamu, ga aikin da ya fi ƙarfi, ga ƙwaya a hannun kowa. Idan ɗanku zai tafi, ya sauka inda akwai mutanen garinku. Ku riƙa kiransa a waya, ba sai don tambayar aike kaɗai ba.

Game da zaman birni, a Denmak an ga wanda aka haifa a babban birnin ƙasar ya fi ɗan ƙauye kamuwa fiye da ninki biyu. Amma wani bincike na 2018 a ƙasashe 42 masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici bai ga irin wannan bambanci ba.

Wiwi

A kan wannan za mu yi magana ba kwana-kwana, domin shi ne abin da matashi ke iya bari yau. A ƙasar Suwidin an tambayi samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja ko suna shan wiwi, sa'an nan aka bi su shekara 15. Sakamakon ya fito a 1987. Waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun kamu ninki shida na waɗanda ba su taɓa sha ba. Masu gardama suka ce ai wataƙila ciwon ne ya fara, shi ya kai su ga sha. Aka sake lissafi, aka yi la'akari da waɗanda suke da wata damuwa tun farko. Adadin ya ragu, amma bai ɓace ba, ya tsaya wajen ninki uku. A 2019 wani bincike a birane na Turai da Barazil ya sami abin da ya yi kama da haka: mai sha kullum ninki uku, mai shan irin mai ƙarfi kullum kusan ninki biyar. Wanda ya fara tun yana shekara 15 ko ƙasa ya fi kowa shiga haɗari, domin ginin ƙwaƙwalwarsa bai bushe ba.

Samari kan ce mana, "Ai wane shekara goma yana sha, ga shi garau." Gaskiya ne, yawancin masu sha ba za su kamu ba. Amma babu wanda ya san ko tukunyarsa na da tsaga sai ta fashe. Wanda a danginsa akwai mai taɓin hankali, kada ya ɗanɗana ko sau ɗaya. Wanda kuma ya riga ya kamu, idan ya ci gaba da sha, ciwon zai yi ta dawowa ko yana shan magani.

Taramol da ake haɗiya don ƙarfin aiki, idan ya yi yawa yana kawo jijjiga da ruɗewa. Sholisho yana cin ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin hana barci irin na amfetamin kuwa suna iya sa mai lafiya ya fara jin muryoyi, ya riƙa ganin ana binsa.

Idan ciwon ya riga ya zo

Sanin dalili ba don a sami wanda za a zarga ba ne. A wurin mutum guda, ba likitan da zai iya nuna abu ɗaya ya ce shi ne. Yawanci abubuwa ne suka taru. Amma yadda gida ya riƙe mara lafiya yana da tasiri a kan abin da zai biyo baya. A Landan an bi waɗanda aka sallama daga asibiti wata tara. Waɗanda suka koma gidan da ake yawan yi musu faɗa da gori, ko ake takura musu da sa ido, kusan rabinsu ciwon ya tashi. Waɗanda suka koma gida mai natsuwa, kamar ɗaya cikin takwas ne kawai. A yi masa magana a hankali. A ba shi ɗan aikin da zai iya, ban-ruwan dabbobi ko tsinkar gyaɗa. Kada a yi gardama da shi a kan muryoyin da yake ji. Mari da turu da bulala ba sa warkar da kowa, sai dai su bar gyambo a ƙafa da tsoro a zuciya.

Akwai magani, irin su halofaridol da kuloforomazin da risfaridon, akwai kuma allurar da ake yi sau ɗaya a ƴan makonni ga wanda haɗiyar ƙwaya kullum ke yi wa wuya. Wanda aka fara yi wa magani da wuri ya fi samun sauƙi a kan wanda aka shekara ana yawo da shi. Addu'a ba ta hana shan magani, ku haɗa su. Kada a tsayar da maganin don an ga sauƙi, sai da shawarar likita.

Idan mutum ya ruɗe farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, wannan wani ciwo ne dabam, a kawo shi a ranar, ko da dare ne. Haka ma mai jegon da hankalinta ya juya a makonnin farko bayan haihuwa, da duk wanda ya fara maganar kashe kansa. Sa'ad da za ku zo, ku taho da wanda ya san mara lafiyar tun yana yaro. Za mu tambayi yadda aka haife shi, da ko ya taɓa faɗuwa a kai, da inda ya yi ci-rani, da abin da yake sha. Ku zo da kwalin duk wani magani da aka riga aka ba shi, na asibiti ko na gida.